Yadda Ake Nazari, Tantancewa da Kula da Tagullar Faransa Mai Siffar Yaya da Ƙaninta

A wajajen shekarar 1890, Auguste Rodin, mai sassaƙan nan na Faransa da aka haifa a birnin Faris a 1840 ya rasu a 1917, ya yi wani ɗan ƙaramin aiki mai suna Frère et Sœur, wato ɗan'uwa da 'yar'uwa. Tsayinsa bai kai rabin mita ba. Yarinya ce a zaune a kan dutse, ta ɗora ƙaramin ƙaninta a cinya ta rungume shi, irin riƙon da duk wanda ya tashi a gidan da 'yar fari ke rainon ƙannenta ya sani. Kafin shi, Jean-Baptiste Carpeaux, ɗan garin Valenciennes, ya yi nasa aikin mai wannan suna, inda ya siffanta marayu biyu da ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa Faris daga 1870 zuwa 1871 ta bari. Ban da waɗannan manya, akwai ɗimbin masu sassaƙa da ba su yi suna ba, waɗanda suka cika falon masu hali na Faransa da irin wannan siffa a ƙarni na 19, domin a wurinsu kayan ado ne da ake ɗorawa a kan tebur ko saman murhun ɗumama ɗaki.

Wannan jagora an shirya ta ne domin ɗalibin fasaha, da ma'aikacin gidan adana kayan tarihi, da wanda irin wannan tagulla ta shigo hannunsa ta gado ko ta gwanjo. Abin da nake so a riƙe tun daga farko shi ne, a irin wannan aiki, wurin da jikin yaran biyu ya haɗu shi ne ya fi kowane wuri muhimmanci, domin nan ne mai sassaƙa ya zuba ƙwarewarsa, nan ne ya fi wuyar zubi, nan ne jabu ke fara tonuwa, kuma nan ne hannun mai goge-goge ke fara lalatawa.

Mataki na farko: a duba kafin a taɓa

A ajiye tagullar a kan tebur mai ƙarfi wanda aka shimfiɗa wa zane mai kauri, kusa da taga, ta yadda haske zai zo mata daga gefe guda. Hasken da ke zuwa daga sama ko daga gaba yana shafe inuwa, alhali inuwa ce ke bayyana aikin yatsun mai sassaƙa. Sai a zagaya ta sannu a hankali, a tsaya a gaba, da gefe, da baya, ana sunkuyawa har ido ya yi daidai da kawunan yaran. Rodin da kansa yana aiki ne ta hanyar juya abin da yake ƙerawa yana nazarin zagayensa ta kowace fuska, don haka wanda ya kalli aikinsa ta gaba kawai ya ga rabi ne.

Daga nan a mayar da hankali kan hannun yayar. A ingantaccen zubi, za a ga yatsunta sun ɗan nutse a cikin naman jikin yaron, kuma fatar da ke kewaye da yatsun ta ɗan taso, kamar yadda take yi idan an riƙe jariri mai ƙiba. Za a ga nauyin yaron ya sauka a cinyarta, bayanta ya lanƙwasa domin ya karɓi nauyin, kafaɗarta ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa mai kallo ya ji tausayi ba tare da ya san dalili ba. Idan hannun yana kwance ne kawai a saman jikin yaron kamar an ɗora shi daga baya, ko yatsun sun manne da juna sun zama dunƙule guda, to a rubuta wannan a takarda, domin za a dawo kansa.

Masana sun daɗe suna lura da cewa zaman yarinyar Rodin ya yi kama ƙwarai da wani aikin mai sassaƙa Camille Claudel, Jeune fille à la gerbe, yarinya mai damin alkama, wanda ta yi shekaru kaɗan kafin nan lokacin tana aiki a ɗakin sassaƙarsa. Ita kuwa Claudel ta sha ƙera siffar kan ƙaninta Paul tun yana yaro. Wanda ya samu hotunan ayyukan biyu ya jera su, zai koyi kallon kafaɗa da wuya fiye da yadda kowane bayani zai koya masa.

Mataki na biyu: a fahimci yadda aka yi ta

Ba za a iya tantance tagulla ba sai an san hanyar da ta bi. Mai sassaƙa yana ƙera siffar ne da yumɓu, sannan mataimakansa su ɗauki zubinta da filasta, kuma wannan na filasta shi ake kai wa ma'aikatar zubi. Rodin bai taɓa zama mai narka ƙarfe ba, haka ma akasarin takwarorinsa. Saboda haka a wannan fage kalmar asali ba ta nufin ƙwaya ɗaya tilo, tana nufin an zuba ne daga filastar mai sassaƙa, da izininsa ko izinin magajinsa.

Hanyoyin zubi biyu ne. Ta farko ita ce ta yashi, wadda ta fi yawa a Faris a ƙarni na 19, inda ake danna siffar filasta a cikin lallausan yashi mai danshi da aka cusa a akwatin ƙarfe, a cire ta, a sa wani curin yashi a tsakiya domin cikin tagullar ya zama rami, sannan a kwarara narkakken ƙarfe mai zafin sama da digiri 1,000 a ma'aunin Celsius a ratar da ke tsakani. Siffa mai sarƙaƙiya, kamar ta mutum biyu da ke rungume da juna, sau da yawa sai an rarraba ta an zuba sassa daban-daban, sannan a haɗa, a bi mahaɗar da kurfi da magagari har ta ɓace. Ta biyu ita ce ta kakin zuma, wadda Faransawa ke kira cire perdue, inda ake yin siffar da kaki, a lulluɓe ta da ƙasa mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ƙarfe ya maye gurbinsa. Ita ce hanyar da maƙeran Ife da Benin suka yi amfani da ita ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ita tagullar kanta haɗi ce na jan ƙarfe, wanda shi ne mafi rinjaye, da kuza, kuma ma'aikatun Faransa kan ƙara tutiya da 'yar darma domin ƙarfen ya gudana sosai.

Mataki na uku: a tabbatar tagulla ce

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A kara maganaɗisu a jiki, idan ya kama da ƙarfi, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Idan abin ya yi sauƙin ɗauka fiye da kima, bai yi sanyi a tafin hannu ba, kuma da aka ƙwanƙwasa shi da farce ya ba da mataccen sauti, to roba ce da aka gauraya da garin tagulla. Wanda ya fi yaudara shi ne na tutiya ko makamancin farin ƙarfe, wanda masu sayarwa a Faransa kan kira régule, aka kuma yi shi da yawa domin masu ƙaramin ƙarfi. A nemi wurin da ya riga ya goge a ƙarƙashin gindi, idan launin ƙarfen rawaya ne ko ja-ja, tagulla ce, idan kuwa fari ne mai toka-toka, tutiya ce. Kada a kankare wani wuri da ido ke gani domin wannan gwaji.

Mataki na huɗu: a kifa ta a leƙa ciki

A sa safar hannu, mutum biyu su kama ta daga gindi su kwantar da ita a kan matashi. Ba a ɗaga irin wannan tagulla ta hannu ko kan yaron, domin nan ne ake yawan samun mahaɗa. A haska cikinta da tocila. Tsohon zubin yashi yakan bar ciki mai ɗan kaushi, da ɓurɓushin baƙin yashi a lunguna, da ragowar ƙusoshin ƙarfe da suka riƙe curin tsakiya, da ƙurar shekaru wadda ba ta kama da datti da aka shafa jiya. A duba kaurin bangon, domin ma'aikata mai kyau tana fitar da bango siriri mai kauri kusan ɗaya ko'ina. A duba notuna da ƙusoshin da suka haɗa ta da gindin marmara idan tana da shi, amma kada a yanke hukunci da su kaɗai, tunda ana iya sauya noti a tsohuwar tagulla, ana kuma iya ɗaura tsohon noti a sabuwa. A yawancin tagullar Rodin da ta fito daga ma'aikatar Rudier, masu zuba wa Rodin tagulla a Faris, akwai tambarin A. Rodin da ya taso a ciki, ban da sa hannun da ke waje.

Mataki na biyar: sa hannu da tambarin ma'aikata

Da gangan na jinkirta wannan mataki, domin sa hannu shi ne abin da kowa ke fara nema, kuma shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira. Sunan mai sassaƙa yakan kasance a saman gindi ko gefensa, na ma'aikata kuma a baya, can ƙasa. Sunayen da za a fi cin karo da su sun haɗa da F. Barbedienne, ma'aikatar da Ferdinand Barbedienne ya kafa tare da Achille Collas a 1838 ta kuma rufe a 1954, da Susse Frères, da Thiébaut Frères, da Valsuani da Hébrard waɗanda tambarinsu ke ɗauke da kalmomin cire perdue. Collas shi ne ya ƙirƙiro na'urar da ke rage girman mutum-mutumi ba tare da siffarsa ta sauya ba, shi ya sa ake samun aiki ɗaya a girma uku ko huɗu, wasu ɗauke da zagayayyen hatimi mai sunansa.

Game da Rodin, rubutun da ya fi shahara shi ne Alexis Rudier Fondeur Paris, wato Alexis Rudier mai zubi a Faris, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Alexis Rudier ya rasu tun 1897, ɗansa Eugène ne ya ci gaba da amfani da sunan, ya zama babban mai zuba wa Rodin daga 1902, ya kuma ci gaba da zuba wa gidan tarihin Rodin har rasuwarsa a 1952. Ke nan wannan tambari shi kaɗai ba ya nuna ko an yi zubin Rodin yana raye ko bayan mutuwarsa. Bayan 1952 aikin ya koma hannun Georges Rudier. Rodin ya bai wa gwamnatin Faransa ayyukansa da haƙƙin zuba su a 1916, aka buɗe gidan tarihinsa a Hôtel Biron, wani babban gida a Faris, a 1919, kuma zubin da gidan ya yi a shekarun baya-bayan nan yana ɗauke da sunansa da shekarar zubi.

Batun lamba ma yana buƙatar natsuwa. Ƙa'idar da ake bi a Faransa yanzu ta taƙaita zubin asali ga guda 12, takwas masu lamba daga 1/8 zuwa 8/8, huɗu kuma masu lambar Rumawa daga I/IV zuwa IV/IV. Wannan ƙa'ida ta zo ne bayan zamanin Rodin, lokacin da galibi ba a sa lamba, har ma Barbedienne ta zuba sama da 300 na ƙananan Le Baiser, aikin Rodin mai nuna masoya suna sumba, tsakanin 1898 da 1918. Don haka idan mai sayarwa ya ce tagullarsa ta 1895 ce alhali tana ɗauke da 5/8, maganarsa ta ci karo da kanta. Wanda ke ganin tambari ya isa hujja, ya tuna da Guy Hain, dillalin da kotun Faransa ta yanke wa hukuncin ɗaurin shekara 4 a 1997 saboda jabun tagullar Rodin da wasunsa, wanda ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce goge sunan Georges Rudier a maye gurbinsa da na Alexis domin abin ya zama kamar tsoho. A bi kewayen tambarin da gilashin ƙara girma da kuma yatsa a cikin safa, a ji ko wurin ya ɗan loɓa ko launinsa ya bambanta da na maƙwabcinsa.

Mataki na shida: a auna, sannan a koma kan hannun

Jabun da ya fi yawa shi ne wanda aka ɗauki zubinsa daga jikin wata tagulla maimakon daga filasta, abin da Faransawa ke kira surmoulage. Irin wannan yana kwaso komai, har sa hannu da tambari, amma akwai abin da ba ya iya ɓoyewa. Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, da kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100, saboda haka tagullar da aka haifa daga tagulla takan gaza uwarta girma. A siffa mai tsayin santimita 40, gibin zai kai milimita 6 zuwa 8. A auna tsayi da faɗi da zurfi ba tare da gindin marmara ba, a kwatanta da awon da gidajen tarihi suka wallafa na irinta, kuma a tabbatar dukkan awon uku sun ragu tare kafin a yi zargi, tunda tsayi kaɗai yana iya raguwa idan an goge gindi.

Yanzu a dawo kan abin da aka rubuta a mataki na farko. Kowane sabon zubi daga tagulla yana cinye kaifin aikin. Ratar da ke tsakanin yatsu takan cike, ramin da ke tsakanin kumatun yaron da ƙirjin yayarsa yakan toshe domin yana da wuyar ɗaukar zubi, gashi ya zama kamar an shafe shi da man shanu, haruffan sa hannu su yi laushi kamar sun narke. Wasu masu jabun kan yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar sake tsaga layukan yatsu da kurfi, sai layukan su fito a miƙe, masu zurfi ɗaya, babu rai. A ganina wannan gwaji ya fi na tambari amfani nesa ba kusa ba, domin mai jabu yana iya koyon rubuta suna a yini guda, amma ba ya iya mayar da nutsewar yatsa a cikin nama idan ta riga ta ɓace.

Mataki na bakwai: launin fata

Launin ƙasa-ƙasa, ko baƙi, ko kore da ake gani a jikin tagulla ba fenti ba ne, ana samar da shi ne ta hanyar shafa sinadarai a kan ƙarfen yana da zafi, sau da yawa, har launin ya kama. Faransawa suna kiransa patine, kuma sana'a ce mai zaman kanta, har Rodin yana da nasa gwanin, Jean Limet. Tsohon launi yana da zurfi, ya fi duhu a lunguna, ya ɗan koɗe a wuraren da hannu ya saba taɓawa, kamar gwiwar yarinyar da saman kan yaron. Launin da ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, ko yake ɓarewa kamar ɓawo, ko ya koɗe a wurin da hannu ba ya kaiwa, abin tuhuma ne.

Mataki na takwas: takardu da kalmomin 'yan gwanjo

A nemi rasit na da, da takardar gado, da kundin gwanjon da tagullar ta taɓa fitowa, da duk wata tsohuwar takarda da ke manne a gindinta, wadda bai kamata a ɓare ba ko da ta yage. Wata dokar Faransa ta 3 ga Maris 1981 ta fayyace ma'anar kalmomin da masu sayarwa ke amfani da su. Idan an rubuta sunan mai sassaƙa kai tsaye, an ɗauki alhakin cewa aikinsa ne. Attribué à na nufin ana kyautata zaton nasa ne, atelier de na nufin daga ɗakin aikinsa ya fito, d'après kuwa na nufin an kwaikwayi aikinsa ne kawai, babu wani tabbaci. Dokar ta kuma wajabta a rubuta Reproduction a jikin kwafin da aka yi bayan fitowarta, yadda ba zai gogu ba. Idan maganar Rodin ce kuma kuɗin da yawa, akwai kwamitin masana a Faris, Comité Auguste Rodin, da ke duba ayyuka yana shigar da su kundi, kuma manyan gidajen gwanjo suna dogara da shi. Fitar da tsohon aiki mai tsada daga Faransa yana buƙatar takardar izini daga ma'aikatar al'adu, sai a tambayi wannan kafin a biya.

Mataki na tara: kulawa

A nan ne nake roƙon mai karatu da babbar murya. Kada a wanke tagulla da toka, ko tsamiya, ko lemon tsami, ko man goge ƙarfe, kamar yadda ake yi wa tasa da tukunya. Waɗannan suna cire launin da aka yi shekara ɗari ana kiyayewa a cikin minti kaɗan, kuma wuraren da suka taso, wato yatsu da kumatu da hanci, su ne ke fara yin fari. Tagullar da aka goge ta yi ƙyalli ta rasa kyanta da babban kaso na darajarta, kuma ko an sake mata launi ba zai zama na farko ba.

Abin da take buƙata kaɗan ne. A riƙa kaɗe ƙura da buroshi mai laushin gashi, daga sama zuwa ƙasa, ana shiga lungunan da ke tsakanin jikin yaran a hankali. Wanda ke zaune inda hunturu ke kawo ƙura ya guji sharewa da tsumma kafin ya kaɗe, domin ƙurar tana da yashi mai karce launi, kuma ya fi kyau ya sa ta a akwatin gilashi. A nisanta ta da hayaƙin turaren wuta da na girki, waɗanda ke barin maiƙo mai kama datti. Gumin hannu yana da gishiri, shi ya sa ake sa safa. Sau ɗaya a shekara ko shekara biyu, ana iya shafa mata kaki marar launi irin na masu adana kayan tarihi, siriri ƙwarai, a bar shi ya bushe, a murza da tattausan zane, bayan an fara gwadawa a baya inda ido ba ya gani.

Babban abokin gabarta shi ne danshi idan ya haɗu da gishiri. Alamar cutar ita ce wani gari mai launin kore-kore mai haske, wanda ke tsirowa a ɗigo-ɗigo, yana komawa ko an share shi, yana cin ƙarfen yana barin ramuka. Ya bambanta da koren launin ado, wanda yake da santsi kuma ba ya zuba. Idan an gan shi, musamman da damina, a mayar da tagullar busasshen wuri inda danshin iska bai wuce kashi 40 cikin 100 ba, a sa ta a rufaffen akwati tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, kada a shafa kaki a kan wurin domin zai rufe cutar ne a ƙarƙashi, sannan a ɗauki hotonsa da kwanan wata a kai wa ƙwararren mai gyaran kayan ƙarfe na gidan tarihi.